Rezin nawa ne a cikin tankin? Kwatanta haya, saye da RO ga mai wankin gilashi

Duk wanda ya kama sana'ar wankin tagogi da doguwar sanda a Amurka ko Birtaniya, ba ya daɗewa zai gane cewa ruwa ne jarinsa. Yana tsaye a ƙasa, ruwa ya bi tiyo ya hau sanda ya fito ta buroshi, ya cuɗa gilashin hawa na biyu ko na uku, ya ɗauraye, ya bar shi ya bushe da kansa. Ba tsumma, ba sabulu. Hakan na yiwuwa ne saboda an cire wa ruwan duk gishirin da ke narke a cikinsa, to in ya bushe ba abin da zai bari. In kuwa da saura, kafin yamma mai gida zai bugo waya ya ce gilashinsa duk fararen ɗigo-ɗigo. A Birtaniya dokar aiki a wuri mai tsayi ta 2005 ta ƙara sauko da mutane daga tsani zuwa sanda, kuma tun daga nan maganar tsarkin ruwa ta zama maganar kowa a sana'ar.

Alƙalin aikin ɗan mitar aljihu ne da ake tsomawa a ruwa ya nuna lambar TDS, wato yawan abin da ke narke a ciki, a ma'aunin ppm, miligiram nawa a kowace lita. Kowa na son ya ga 000. Daga 1 zuwa 9 gilashi na fita lafiya. Da lambar ta taɓa 10, yawancin masu aikin sai su canza rezin, wato ƙwayoyin da ake zubawa a tanki su kama gishirin ruwa.

Hanyoyin samun wannan ruwa uku ne. Ko ka ɗauki hayar tankin DI, wato tanki mai rezin da ruwa ke ratsawa ya fito ba gishiri, daga kamfanin gyaran ruwa, in ya ƙare su karɓa su ba ka wani. Ko ka sayi tanki naka, kana zuba masa sabon rezin da hannunka. Ko ka sa injin RO, mai tace ruwa ta hanyar matsa shi ta wata fata, a gaba, ƙaramin DI a baya yana ƙarasa aikin. Tsarin musayar tanki tsohon abu ne a Amurka; da shi kamfanin Culligan ya fara a Illinois a 1936, yana kai wa gidaje tankunan tausasa ruwa, masu cire masa kalsiyam da magniziyam, yana karɓo waɗanda suka gaji. A Ingila kuwa an fi sabawa da sayen buhun rezin mai lita 25, mutum ya cika ɗan tankinsa mai lita 11 a gareji. Zan fi daɗewa a kan haya, don a nan ne mutum yake biyan kuɗin abin da idonsa bai gani ba.

Rezin ɗin ƙananan ƙwayoyi ne na roba, masu launin zuma, yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Iri biyu ake cakuɗawa. Akwai katayon, mai kama kalsiyam da magniziyam da sodiyam ya saki haidurojin. Akwai anayon, mai kama kulorayid da salfet da bikabonet da silika ya saki haidurokzayid. Abubuwa biyun da aka saki su haɗu su zama ruwa. Galibi kashi 40 katayon ne, 60 anayon, saboda anayon ya fi saurin ƙoshi. Kowace ƙwaya tana da iyakar abin da za ta iya riƙewa. Ke nan ruwan da tanki zai ba ka ya dogara ne kan abubuwa uku: yawan rezin da ke ciki, ƙarfin da ya rage wa rezin ɗin, da kaurin ruwan da kake tura masa, wato TDS ɗinsa.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ina ganin bai kamata mutum ya sa hannu a takardar haya bai yi shi ba. A Amurka ana auna rezin da kubik na ƙafa, wanda ya yi daidai da lita 28.3, ana auna ƙarfinsa, wato nauyin gishirin da zai iya riƙewa, da wani ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi mai suna giren. Giren ɗaya a galan ɗaya daidai yake da ppm 17.1. Sabon rezin cakuɗaɗɗe yakan riƙe wajen giren 10,000 zuwa 13,000 a kowane kubik. Mu ɗauki ƙaramar lambar don kada mu yaudari kanmu: 10,000 sau 17.1 ya ba da 171,000. Raba wannan da TDS na famfonka, abin da ya fito shi ne galan nawa kubik ɗaya zai tace. In ruwanka 50 ne, galan 3,420. In 200 ne, galan 855. In 600 ne, galan 285 kacal. Za ka ga wasu dillalai na buga lissafinsu da 235,000. Wannan na sabon rezin ne a yanayi mafi kyau, kada ka gina kasafin tankin haya a kansa. Ga mai aiki da lita, lita ɗaya ta rezin tana riƙe kimanin giram 23, sai ka raba 23,000 da TDS. Da ruwa mai 300, buhu mai lita 25 zai ba da lita 1,900 ko kusa da haka.

Nan za ka ga yadda garin da kake ya riga ya yanke rabin hukuncin. Ruwan Niyok, da ke gangarowa daga tsaunukan Catskill, yawanci ƙasa da 100 yake. Haka na Gilasgo daga tafkin Katrine, da na Manchesta daga yankin tafkuna na arewa. Na Landan, da ya ratso ƙasar alli, yana wajen 300. Na Las Vegas, daga kogin Kolorado, yakan haura 500. Tanki ɗaya, rezin ɗaya, amma mutumin Las Vegas zai koma musaya sau da yawa kafin mutumin Niyok ya koma sau ɗaya.

To, mu zo kan yawan rezin da ake cika tanki da shi.

Ana kiran tankuna da faɗinsu da tsayinsu a inci: 8x44, 9x48, 10x54, 14x47. Waɗannan lambobin girman jikin tanki suke faɗa, ba su ce komai a kan abin da aka zuba ba. Tanki 10x54 cikinsa kubik 2.2 ne ko kusa. In an yi shi don tausasa ruwan gida, kubik 1.5 ake zubawa, a bar sama fili, domin injin yana wanke kansa ta hanyar turo ruwa daga ƙasa, ƙwayoyin su tashi su buɗe, suna bukatar wurin tashi. Haka 9x48, cikinsa kubik 1.6, amma 1.0 ake sa masa a wancan aikin. Tankin DI na musaya ba a yi masa wannan wankin a wurin aikinka. A masana'anta ake juye rezin ɗin a sabunta shi. Saboda haka ba shi da dalilin barin sulusin tanki fili. Shi ya sa 14x47 da manyan kamfanoni ke bayarwa ake kiransa mai kubik 3.6, wato an cika shi kusan har wuya, 8x44 kuma mai 1.2.

Matsalar tana zuwa ne in ka kwatanta farashi da girman tanki. A ce, a matsayin misali kawai, kamfanoni biyu kowanne na musanya 10x54 a kan dala 90. Na farko ya zuba kubik 2.0, na biyu ya bi al'adar tausasa ruwa ya zuba 1.5. Kubik ɗin na farko ya tsaya maka dala 45, na biyu dala 60. Da ruwa mai 200, galan 1,710 ne da galan 1,280. A ido tankunan ba su da bambanci ko kaɗan. Wanda ya taɓa sayen buhun masara bai tambayi tiya nawa ke ciki ba ya san irin wannan cinikin.

Ya za ka san inda rezin ya tsaya? In tankin faiba ne da ba a yi wa fenti ba, kai shi wuri mai duhu, ka manna tocila mai ƙarfi a bayansa, ka riƙa jan ta daga sama zuwa ƙasa kana kallo ta gaba. Inda ruwa ne kaɗai, jikin tankin zai yi haske ja-ja. Da ka iso kan rezin, hasken ya mutu, layi ya fito a miƙe. Sa alama da alli ko salatif, ka auna daga kafaɗar tanki. A tanki mai faɗin inci 14, kowane inci na miƙaƙƙen jiki lita 2.5 ne. A mai inci 10, lita 1.3. A mai inci 8, lita 0.8. Ke nan in layin ya sauka inci 6 ƙasa da inda ya kamata a babban tanki, lita 15 ne babu, fiye da rabin kubik, kashi 15 cikin ɗari na abin da ka biya. Da ruwa mai 200, galan 450 ke nan. Sanda ɗaya tana shan kimanin rabin galan a minti, wato an rage maka awa 15 na buroshi a kan gilashi. Amma filin da ke can cikin ƙoƙon saman tanki, inda jikin ya lanƙwasa ya tsuke, bai ɗaukar wani abin kirki, kada ka tayar da hankalinka a kansa.

Wasu kan ce a ɗora tanki a sikeli. In yana cike da ruwa, sikeli ba zai gaya maka gaskiya ba, domin ƙwayoyin kaɗan suka fi ruwa nauyi. Cire lita 15 na rezin ruwa ya maye gurbinsa, bambancin ba zai kai kilo 2 ba. Sai an tsiyaye ruwan sarai ne sikeli ke da amfani, don rezin tsiyayayye yana da nauyin kimanin giram 700 a lita, lita 15 sun zama kilo 10 da ɗoriya. Buɗe kan tanki a zura sanda kuwa, duba yarjejeniyarka tukuna. Tankin ba naka ba ne, kuma wasu kamfanoni sun hana.

Akwai wani abu da nake so a riƙe da kyau kafin a zargi kowa. Rezin yana motsewa in ya gaji. Anayon ɗin da ke ɗauke da haidurokzayid a kumbure yake. Da ya musanya shi da kulorayid sai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Katayon ma na raguwa, amma kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. In ka haɗa, tankin da ya zo cike zai iya komawa da layinsa ya sauka da kashi 10 ko fiye, ba tare da ƙwaya ɗaya ta fita ba. Girgizar mota ma na zaunar da shi. Don haka ranar da aka kawo tanki ake haska shi, kafin ɗigon ruwa ya ratsa. Wanda ya jira sai lamba ta hau sannan ya ɗauko tocila, zai ga fili ya ɗauka an cuce shi, alhali ƙila ba a yi ba. Ɗan fili na inci biyu ko uku a sabon tanki ma daidai ne, ana barinsa don kada ƙwayoyi su toshe rariyar sama.

Filin da ya yi yawa yana da illa ta biyu, kuma ga mai wankin gilashi ta fi ta farko zafi. An tsara tankunan haya ne su tsaya cik a kusurwar ɗakin gwaje-gwaje ko masana'anta. Naka kuwa a bayan mota yake wuni, yana hawa tudu yana faɗa wa rami. Katayon ya fi anayon nauyi, kusan 1.2 da 1.1 in an gwada da ruwa. In suna da wurin yawo, masu nauyi su nutse ƙasa, marasa nauyi su taru sama, cakuɗin ya rabu. Rabbabben rezin bai mutu ba, amma ba ya sauko da lamba zuwa sifili kamar da, sai ka ga 004, 006, tun tanki na da sauran ƙarfi. Haka in an juya tiyo, ruwa ya shiga ta mafita: zai ɗaga ƙwayoyin daga ƙasa ya raba su cikin 'yan mintoci. In kuma an kwantar da tanki mai fili, ruwa ya samu hanya ta saman rezin ya wuce bai taɓa shi ba. A tsaye ake ɗaure shi, da bel biyu.

Daga yawa sai inganci. Abin da ke cikin tankin haya rezin ne da aka sabunta. A masana'anta ana turo masa ruwa daga ƙasa ya rabu gida biyu, a wanke katayon da asid, a wanke anayon da kostik soda, a ɗauraye, a sake cakuɗawa da iska, a zuba a tankuna. Aiki ne mai kyau, kuma ya fi zubar da buhunan roba a bola. Sai dai rezin ɗin na tarayya ne. Ya yi aiki a wurare da dama kafin ya iso gare ka. Da shekaru ƙwayoyi na farfashewa, kulorin na ruwan famfo na cin jikinsu, ƙarfe da dattin ganye da ke cikin ruwa na toshe su, anayon kuma na rasa ƙarfi da kansa ko ba a taɓa shi ba. Kamfanin kirki yana tace ɓaraguzai yana ƙara sabo a kai a kai. Wanda ke tsimin kemikal kuwa zai ba ka tanki cike har wuya da rezin mai rabin rai. Ke nan tocila ma ba ta gama magana ba. Cikakken tanki na iya ba da ruwa ƙasa da wanda aka ɗan rage, in na biyun ya fi samun kulawa.

Abin da ke gama magana shi ne ɗan mitar ƙidayar ruwa da za ka ɗaura a mafitar tanki, irin mai arha da ake sa wa tiyon lambu. Rubuta lambarsa ranar da tanki ya zo, rubuta TDS na kowane gidan da ka ja ruwa, rubuta lambarsa ranar da ruwa ya kai 10. Galan da ka samu sau matsakaicin TDS, ka raba da 17.1, ka raba da kubik ɗin da aka ce an zuba. In amsar na yawo kusa da 10,000, kana samun haƙƙinka. In ta tsaya can ƙasa tanki bayan tanki, kana da hujjar da za ka ajiye a teburin manaja, kuma kamfanin da ya san aikinsa zai saurare ka.

Kafin ka je da hujjar, ka cire abubuwan da ba laifinsu ba. Mitar aljihu ba gishiri take ƙirgawa ba, saurin wucewar lantarki a ruwa take aunawa ta ninka da wata lamba. Wasu da 0.5, wasu da 0.7. Ruwa ɗaya zai nuna 200 a wannan, 280 a waccan. Lissafin giren ya fi dacewa da mai 0.5. Sannan silika da iskar kabon da ke narke a ruwa kusan ba sa bayyana a mita, amma suna cinye anayon sosai. Ruwan rijiyar burtsatse musamman yakan zo da su. Alamar anayon ya riga ɗan'uwansa ƙarewa a fili take: lamba ta yi tsalle farat ɗaya, wani lokaci ta wuce ta famfo, ruwan ya koma tsami-tsami. Kada wannan ruwan ya taɓa firam ɗin almuniyam na kowa.

Tambayi kamfanin kuma a ina suke tsayar da ƙirgensu. Wasu tankunan haya na zuwa da 'yar fitila a mafita, kore in ruwa na da kyau, ja in ya sauka. Da yawa an saita su ne don masu ɗakin gwaji, a kan ohm 200,000 (ma'aunin yadda ruwa ke hana lantarki wucewa, yana raguwa in gishiri ya ƙaru), wanda bai wuce ppm 2 zuwa 3 ba. Goman da kai kake jira tana wajen ohm 50,000. Fitila za ta yi ja gilashi na fita tas. Bi mitarka. Amma ka sani daga nan tafiyar ba ta da nisa, don lamba in ta fara hawa ba ta jira.

Siffar tanki ma na da ruwa a ciki, abin da ba kasafai ake faɗa wa sabon shiga ba. Babban 14x47 an yi shi ne don ruwa mai gudu, galan da yawa a minti. Rabin galan ɗin sandarka ya yi masa kaɗan. Ruwa mai tafiyar hawainiya a faffaɗan tanki yakan zaɓi hanya mafi sauƙi ya yi ta bi, ya gajiyar da rezin ɗin wurin, na gefe na zaune da ƙarfinsa. Siririn tanki mai tsawo ya fi dacewa da sanda ɗaya. Masu ƙera rezin sukan so zurfinsa ya kai santimita 60 aƙalla. In ka ɗauki babban tanki, gara ka ajiye shi a gida ka riƙa cika tankin motarka da shi da cikakken ƙarfin famfo. Hakan ya raba ka da girgiza, ya raba ka da ɗaga kaya, don 14x47 da rezin da ruwa ya kai kilo 120, 8x44 kuwa kilo 40 da 'yan kai. Bayan mutum ma jari ne a wannan sana'a.

Kuɗin haya kansa hawa-hawa ne: akwai na wata-wata ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, akwai na kowace musaya, akwai na kawowa. A jihohin da sanyi ke tsayar da aiki wata uku ko huɗu, na wata-watan nan yana ci gaba da tafiya, ga shi dole ka ɓoye tankin daga ƙanƙara. Wasu kamfanoni ba sa yarda a ɗora tankinsu a mota. Wasu na cajin ƙari in ya dawo da mai ko tsatsa a ciki.

Tanki naka na kanka ya kawar da duk wannan zato. Kai ka zuba, ka san lita nawa. Sabon rezin ne daga buhu, ko Purolite MB400, ko Tulsion MB115 na kamfanin Thermax na Indiya da ya yi suna a wurin masu wankin tagogi na Ingila, ko na ResinTech. Ka cika ka ɗan bubbuga jikin tanki ya zauna ka ƙara, ka toshe bakin bututun tsakiya kafin ka fara don kada ƙwaya ta faɗa ciki. In lamba ta fara motsi, ƙaramin tanki kana iya mirgina shi a ƙasa rezin ya sake cakuɗuwa, ka ɗan ƙara samun ruwa. Illarsa ita ce sabon rezin ya fi sabuntacce tsada a kowace lita, kuma juyewa aiki ne mai ɓata wuri. Ƙwayoyin in suka zube a siminti santsi gare su ƙwarai, a share nan take. Buhun da aka buɗe kuma a ɗaure bakinsa tam, a ajiye a inuwa, don iska kaɗai na rage wa anayon ƙarfi, bushewa kuma na fasa shi.

RO kuwa wani zance ne daban. Wanda ya taɓa leƙa masana'antar fiya wata a Kano ko Kaduna ya ga dogayen bututunsa. Yana matsa ruwa ta wata fata mai tsananin ƙanƙantar ƙofofi, ya cire kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na gishiri. Ruwa mai 400 ya fito yana 12 ko kusa. Kubik ɗin rezin da zai ba da galan 430 da ɗanyen ruwan, a takarda zai ba da sama da 14,000 bayan RO. A aikace ba ya kaiwa haka, don iskar kabon na ratsa fatar ta je ta ci anayon, amma ko rabi ka samu tazarar ba kaɗan ba ce. Kuɗin farko ne mai nauyi. Yana son matsin ruwa, sau da yawa sai da famfon ƙari. Yana zubar da rabin ruwan da ya sha ko fiye. Kulorin na lalata fatar, dole matatar gawayi a gaba. Ba ya son a ajiye shi makonni ba aiki, ba ya son ƙanƙara.

Ga yadda nake ganin zaɓin. In ruwan yankinka na ƙasa da 100, DI kaɗai ya ishe ka. Mai aiki kullum, da ke da kamfanin musaya kusa, haya ta fi masa, musamman babban tanki a gida. Mai fita ƙarshen mako kawai, ko wanda ke gwada sana'ar, ya sayi ƙaramin tanki nasa. Kuɗin wata-wata zai cinye ribar sabuntaccen rezin tun kafin ya gama tanki ɗaya. Daga 100 zuwa 200 mitar ƙidaya ce za ta raba gardama, ka gwada wata biyu ka ga dala nawa galan ɗari ke tsaya maka. Sama da 200, ga mai aiki sosai, ban ga yadda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu da DI kaɗai ba, ko haya ko saye. Ka tara ka sayi RO, tankin haya ya zama gada kafin lokacin.

In haya ka zaɓa, kada ka tambayi girman tanki a waya. Ka ce kubik nawa na rezin za a zuba, a rubuta a takarda. Ka ce giren nawa suke lamuncewa a kowane kubik, kuma zuwa wace lamba. Ka tabbatar cakuɗaɗɗe ne, don akwai tsarin tanki biyu, katayon daban anayon daban, wanda ya fi ɗaukar kaya amma ba ya kai ruwa sifili, kuma wani nau'in anayon ɗinsa ba ya kama silika. Ka faɗa musu gaskiya cewa a mota zai zauna. In da hali ka nemi tankin da ba fenti, ka haska shi direban na tsaye.

Kuma ko wace hanya ka bi, tankuna biyu a jere sun fi ɗaya mai girman su biyun. Na gaba ya yi ta aiki har lambarsa ta kai 30 ko 50, na baya na share abin da ya tsallake, ruwan sanda na nan a sifili. Sai ka mayar da na gaba, na baya ya dawo gurbinsa, sabo ya shiga baya. Mai tanki ɗaya dole ya mayar da shi a 10, da sauran ƙarfi a ƙasansa da ya biya bai ci ba. Kuɗin hayar tanki na biyu shi ma ka sa shi a lissafin galan ɗari, ka ga ko ƙarin ruwan ya rufe shi a irin TDS ɗin garinku.